Wanda Aka Kora Daga Ɗanyen Dutse

La'asar ta yi sakaliya lokacin da motar kaya ta tsaya a ƙofar shagon. Direba ya sauke kwalaye masu ɗigar ruwa, ya ja su har ɗakin baya, yana toshe hanci da wuyan rigarsa.

"Hajiya, don Allah mene ne a ciki? Tun daga tasha gilashi a sauke nake tuƙi. Ko mushe kuka yi oda?"

"Dutse ne," in ji mai shagon.

"Dutse? Dutsen ne ke wari haka?" Ya girgiza kai. "Allah ya ba da sa'a. Ni dai na yi nan."

Shagon na kifin ado ne, irin na ruwan teku, masu launi kamar an yi musu fenti. Ita da mijinta suka kafa shi. Shi ke yawon haɗa wa mutane tankunan gilashi a gidaje da otal-otal, ita ke riƙe da shago. Tun da ta taɓa korar wani mai kawo musu gishiri saboda ya haɗa da gurɓatacce, mijin ya laƙaba mata Manaja, sunan kuwa ya bi ta har bakin masu saye. Mace ce mai kazar-kazar, mai tsabtar tsiya, ga kafiya. In ta ce za ta yi abu, to ka matsa gefe kawai.

Abin da ke cikin kwalayen shi suke kira ɗanyen dutse. Daga ƙarƙashin teku ake ɗebo shi, duk jikinsa ramuka, kowane rami da mai shi: soso, ciyawar ruwa, tsutsa, ƙananan kaguwa. A hanya rabinsu ke mutuwa su ruɓe a ciki. Ka kuskura ka jefa shi haka cikin tanki, kafin gari ya waye kifayenka sun juya ciki sama. Sai an kai shi ɗakin baya an goge da buroshi, a sa a babban baho na ruwan gishiri mai ɗumi, a kunna hita mai ɗumama ruwan da injin juya shi, a rufe shi cikin duhu. A yi ta canza ruwa mako bayan mako, har ranar da za ka shinshina ka ji iskar bakin teku maimakon ruɓaɓɓen ƙwai. Ranar ake cewa dutse ya nuna.

Wayarta ta yi ƙara. Maigidan ne, daga wani gari inda aiki ya riƙe shi.

"Manaja, kaya sun iso?"

"Sun iso, Oga. Har sun kori direba."

"To ki yayyafa musu ruwa ki rufe shago ki tafi gida. Gobe ina nan. Kin ji abin da likita ta ce."

Ta ji mana. Likita ta ce ko bokiti kada ta ɗaga. Cikinta ya tsufa, shi ne kuma na farko da ya kai haka. Sauran duk sun zube, ɗaya bayan ɗaya, har ta daina gaya wa kowa in ta samu. Wannan karon ko hular jariri ba ta saya ba, don tsoron kada ta sa rai. Abin da take da shi kawai shi ne shurin da ɗan ke yi mata kullum da almuru, kamar mai buga ƙofa. Da wannan shurin take rayuwa.

"Kafin gobe rabin dutsen ya mutu," ta ce. "A zaune zan yi. Ƙanana ne."

Ya yi ajiyar zuciya. "Na san halinki. To in kin ƙi ji, abu ɗaya: kada ki tsoma ba masauki a bokiti."

"To, na ji."

Ga yadda abin yake. Kafin dutse ya shiga baho, sai an tsoma shi a bokitin ruwan da aka cika wa gishiri fiye da kima. Zafin gishirin ke sa duk abin da ya ɓuya a rami ya fito da gudu, sai a tsince masu cutar da kifi. Amma maigidan ba ya tsoma dutse sai ya fara ajiye wani tsohon dutse mai ramuka a gindin bokitin. Shi yake kira masauki. Ya ce haka wanda ya koya masa sana'a ke yi: duk abin da ka fitar daga ɗakinsa, ka tanadar masa inda zai faɗa. Manaja ta ɗauki abin a matsayin dabarar kama kaguwa kawai.

Masaukin kuwa ba ya nan. Shekaranjiya ta ji yana ƙarni, ta jiƙa shi da ruwan bilici, ta shanya a bayan shago. Dutsen da ya sha bilici ko kiyashi ba ya kusantarsa. Ta yi niyyar gaya wa mijin, sai ta ga ba abin tayar da magana ba ne.

Ta ja ƙofar ƙarfe ta gaba ta datse da kwado daga ciki, ta jefa makulli a jaka. Ta cika babban bahon da ruwa, ta kaɗa gishiri, ta kunna hita. Ruwan da sanyi ƙarara, zai ɗau lokaci kafin ya yi ɗumi. Ta jawo kujera, ta sa safar hannu, ta buɗe kwalin farko.

Warin ya daki fuskarta har sai da idonta ya kawo ruwa.

Aiki ya tafi daidai. Ta goge, ta ɓamɓare mataccen soso mai yauƙi, ta tsoma. Tsutsotsi suka yi ta fitowa suna murɗewa. Wata 'yar kaguwa mai gashi ta fito tana ɗaga hannu kamar mai neman faɗa, Manaja ta ce mata, "Ke kuma da wa?" ta ɗauke ta da cokali. Ɗan cikin ya yi shuri, ta shafa wurin da gwiwar hannu. Ta tagar sama hasken rana ya koma ja, sannan ya fara dushewa.

A gindin kwalin ƙarshe ta tarar da shi.

Babba ne, ya kai tukunyar girki. Baƙi wuluk. An naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ba kamar sauran ba. Ta warware, ta kai hanci. Ba wari. Ko kaɗan. Ta cire safa ta taɓa shi da yatsa, ta ji shi da ɗumi kamar jikin mutum. A gefensa akwai rami guda, zagayayye, mai santsin baki, wanda dunƙulen hannu zai shiga.

Ƙas.

Ta janye hannu.

Ƙas. Ƙas.

Daga cikin ramin ƙarar ke fitowa, kamar ana ƙyasta yatsu a ƙarƙashin ruwa. Sai ta yi tsaki. Ta san wannan. Akwai wani mugun jatan lande mai naushi da ke ɓuya a irin wannan dutse, ya yi ta kashe kifi ɗaya-ɗaya, wani lokaci har gilashi yake tsagawa. Ya taɓa cinye musu tanki guda.

"Yau ka gamu da Manaja," ta ce.

Ta mirgina dutsen da ƙafa, ta kwantar da bokiti ta tura shi ciki, ta tayar da shi da ƙyar. Ta zuba ruwa har ya rufe shi. Sannan, don haushi, ta ƙara gishiri kofi guda. Ta sake ƙara wani.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Bokitin ya hau rawa a kan siminti. Kumfa ta taso daga ramin, manya-manya, kowace ta fashe sai wani wari ya fito, ba na ruɓa ba, warin wuri mai zurfi da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Manaja ta riƙe cokali tana jiran jatan lande.

Ba abin da ya fito.

Ƙarar ta tsaya.

Sai ta ga ruwan bokitin ya sauka. Ba tsiyaya ya yi ba. Sauka ya yi lokaci guda, kamar yadda ruwan baho ke yi in mai wanka ya miƙe ya fita.

Wuta ta ɗauke.

Wanda bai taɓa zama a shagon kifi ba bai san shiru ba. Dare da rana injuna na gunji, ruwa na ɓulɓula, har kunne ya saba ya daina ji. Da suka mutu gaba ɗaya, Manaja ta ji bugun zuciyarta a cikin kunnenta. Ta lalubo waya ta kunna fitila. Ta danna lambar mijin. Ba ta shiga.

Ta haska ƙasa.

A gefen bokitin akwai sawu a jiƙe. Tafin hannu ne, ƙarami, yatsun sun yi tsawo da yawa. Ga wani a gabansa. Ga wani. Sun bi ta ƙofa sun shiga cikin shago.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

Hanyar fita ɗaya ce, ta cikin shagon. Ta rataya jaka, ta miƙe tana dafa bango, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ta shiga cikin wata. Ta leƙa.

Kifayen tankin farko duk sun dunƙule a kusurwa guda, ba mai motsi. Murfin tankin a ɗage yake, yana ɗiga.

Ƙas, a jikin gilashi.

Sai murya. Siririya, a jiƙe, kamar ruwa na wucewa a tsohon bututu.

"Sanyi."

Murfin ya sauka. Na tanki na biyu ya ɗaga da kansa. Ruwan ciki ya hau, ya sauka.

"Haske."

Na gaba.

"Ba rufi."

Tanki-tanki yake bi, yana gwadawa, yana matsowa wajen ƙofar ƙarfe. Ya riga ta can. Manaja ta zura hannu a jaka tana laluben makulli. Ta taɓa shi, ta jawo, ya suɓuce. Ya faɗi a siminti, ƙararsa ta cika shagon.

Komai ya tsaya.

Ta haska. Sawun da ke bakin tankin ƙarshe ya juyo. Tana kallo sabon tafi ya bayyana a busasshen siminti, yatsun na fuskantarta. Sai wani. Ba sauri yake ba.

Ta ja da baya cikin ɗakin, har bayanta ya bugi babban baho.

Sanyi ya taɓa ɗan yatsan ƙafarta.

Ya hau idon sawu. Ya hau gwiwa. Zaninta ya jiƙe ya manne mata. Sai ta ji an ɗora tafi a kan cikinta, a hankali, kamar yadda likita ke yi.

Ɗan ya yi shuri da ƙarfi. Ya sake. Ya yi ta yi kamar zai fasa ya fito.

"Nan da ɗumi," in ji muryar, dab da cibiyarta. "Nan da duhu. Ga gishiri daidai."

"A'a," ta ce. "A'a. Don girman Allah. Da mai shi a ciki."

"Nawa ma da mai shi."

Sanyin ya shige ta kamar an soka mata ƙanƙara.

Shurin ya tsaya.

Ta dafe cikin da hannu biyu, wayar ta faɗi, haskenta ya koma rufi. Ta jira. Ta danna gefen da ya saba bugawa. Shiru. Ta san wannan shirun. Ta sha jin sa a gadon asibiti, lokacin da ma'aikaciya ke kawar da fuska.

Ƙas.

Daga cikinta ƙarar ta fito. Ta ji ta a ƙashin bayanta.

"Zai fita," in ji muryar, yanzu daga ciki. "Kamar yadda na fita."

Tsoro ya kai mata inda ba ya wucewa, sai wani abu ya tsaya cak a kanta. Ɗumi, duhu, gishiri daidai. Abin da take tanadar wa ɗanyen dutse ke nan duk tsawon shekarun nan. Aikinta ne. Ta iya shi ko ido a rufe.

Ta tsoma hannu a babban baho. Sanyi. Hitar ba ta yi komai ba kafin wuta ta tafi.

Ta rarrafa. Ƙarƙashin tebur akwai kular da suke kai kifi gidajen mutane, mai murfi, mai riƙe zafi. Ta jawo ta. Ta ɗebi ruwan baho da kofi ta yi ta zubawa, rabi na zuba a ƙasa. Ta lalubo fulas ɗin shayinta, ruwan zafi ne zalla, ko rabi ba ta sha ba. Ta juye duka. Ta ɗebi gishiri da tafi ta ƙara saboda ruwan fulas ya riga ya tsinka shi, ta kaɗa da hannu, ta ɗanɗana a harshe. Ta ƙara kaɗan. Ta sa gwiwar hannu ta ji ɗumin, kamar mai haɗa ruwan wankan jariri.

Saura dutsen.

Yana gindin bokiti, cikin ruwan da ya kore shi. Ba zai mirginu zuwa cikin kula ba. Sai an ɗaga.

Ta tuna fuskar likita. Ta tuna muryar mijinta. In ta ɗaga, wataƙila ta rasa ɗan. In ba ta ɗaga ba, ta riga ta rasa shi.

"Bismillahi."

Ta zura hannu biyu, ba safa. Bakin dutsen ya yanke tafinta, gishiri ya shiga ciwon kamar wuta. Ta ɗaga. Wani abu ya ja a ƙugunta, ya tsarga har cinya. Ta cije leɓe har ta ji jini. Taku ɗaya. Taku biyu. Ta durƙusa ta sauke shi cikin kula a hankali, ramin na kallon sama.

Dutsen ya yi sanyi ƙalau. Ta riƙe shi cikin ruwan, tana shafa shi, jininta na gauraya da ɗumin.

"Ga ɗakinka," ta raɗa. "Ni na yi maka laifi. Ban sani ba. Ka yi haƙuri ka koma."

Shiru.

"Ka taɓa ka ji. Da ɗumi."

"Zai huce."

"Ba zai huce ba."

"Kullum yana hucewa."

"Muddin ina numfashi ba zai huce ba. Ba mai sayen dutsen nan, ba mai tsoma shi, ba mai haska shi. Na yi maka alkawari." Hawaye na zuba cikin kular, ba ta share ba. "Ɗan nan kaɗai gare ni. Ka bar min shi."

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a durƙushe ba.

Sai ta ji sanyin ya motsa. Ya taru a ƙarƙashin haƙarƙarinta, ya bi kafaɗa, ya gangaro ta hannayenta biyu kamar ana zare igiya mai laima. Yatsunta suka sandare. Ruwan kular ya taso, ya taso, har ya kai baki ya zubo mata a cinya.

Dutsen ya yi ɗumi a tafinta.

Ƙas.

Daga ramin.

Ta zare hannu, ta rufe murfin, ta kwanta a kansa ta rungume kular. Ba ta kula da ciwon ƙugu ba, ba ta kula da jinin ba. Kunnenta da ranta duk suna wuri ɗaya.

"Taso mana," take cewa. "Taso, ɗan albarka. Buga min ko sau ɗaya."

Shiru.

Shiru.

Sai wani ɗan motsi, raunana, kamar kifi ya juya a tafin hannu. Sannan shuri sosai, a ƙarƙashin haƙarƙari, inda ya saba.

Manaja ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko a ɓarin farko. A haka telan da ke maƙwabtaka da su ya jiyo ta, ya kira mutane aka ɓalle ƙofar. Suna ɗaga ta zuwa mota tana riƙe da hannun kula, tana cewa ba inda za ta sai an ɗora wani ruwan a wuta. Sun ɗauka zafin ciwo ne. Matar telan ce ta ga idonta, ta ce, "Ku yi abin da ta ce," ta zauna gadin kular da butar shayi har maigidan ya iso.

Sauran watannin a kwance ta yi su. Ta haifi mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Uban ya ce ga Ƙaramar Manaja ta iso.

Har yau suna sayar da kifi, suna kuma jiƙa ɗanyen dutse, sai dai ba a tsoma ko tsakuwa a shagon nan ba masauki a bokiti. A kusurwar ɗakin baya akwai wani tanki da aka shafe da baƙin fenti, da murfi mai nauyi. Hitarsa biyu, da batir, da wani batir na jiran wancan. Wani mai otal ya taɓa jin labarin babban baƙin dutse ya zo da kuɗinsa, Manaja ta raka shi har bakin titi. Duk inda take, in wuta ta ɗauke, sai ka ga ta miƙe tsaye. Kullum da almuru takan dafa gilashin ta ji ɗuminsa, ta tsaya har sai ta ji ƙas daga ciki, sannan ta iya cin abinci.

Yarinyar ta yi wayo, ta fara surutu, ba abin da ke damunta. Ba su taɓa gaya mata komai ba.

Wata ranar da yamma Manaja na goge duwatsu, ta waiga ta ga 'yar ta manna kunne a jikin baƙin tankin, tana murmushi.

"Ke! Taso daga nan."

"Mama, yana gaishe ki."

Buroshin ya tsaya a hannun Manaja.

"Ya ce ruwan ya yi daidai, kina ƙoƙari." Yarinyar ta sake kasa kunne, ta gyaɗa kai. "Amma wai ɗakinmu na da, na cikinki, ya fi ɗumi."